Motar da Ke Ƙin Tashi Idan Inji Ya Ɗau Zafi: Yadda Ake Kama Ciwon Kafin Ya Ɓuya

Da asuba murza makulli ɗaya take tashi. Ka kai yara makaranta, ka wuce kasuwa, ka tsaya a masallaci ka yi azahar, ka fito bayan minti goma sha biyar, mota ta ce ba ta san zance ba. Ka kira bakanike. Kafin ya sallami wanda ke gabansa, ya sami abin hawa ya iso, awa guda ta shuɗe. Ya zauna ya murza, ta tashi kamar ba ita ba. Ya dube ka, ka dube shi. Don kada zuwansa ya tashi a banza sai ya ce a canza fulogi. Jibi abin ya dawo, a canza batir. Mako na zagayowa a sauke tanki.

Laifin ba na bakaniken ba ne shi kaɗai. An kawo masa mara lafiya bayan zazzaɓi ya sauka, dole ya yi lalube a duhu. Ciwon nan yana bayyana ne na ɗan lokaci, wani sa'in minti ashirin, wani sa'in arba'in, kuma mutumin da ke tsaye a wurin a wannan lokaci kai ne. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Abin da ka gani da abin da ka ji a cikin waɗannan mintoci ya fi duk wani gwajin da za a yi wa motar washegari da sanyin safiya.

Me ya sa sai an kashe ta?

Mutane da yawa na ɗauka da zarar an kashe inji ya fara hucewa. Ba haka ba ne nan take. Lokacin da mota ke tafiya, ruwan lagireto na zagayawa, fanka na aiki, iska na ratsa ƙarƙashin bonet, zafin ruwan inji na tsayawa wajen digiri 85 zuwa 100. Da ka kashe, ruwa ya tsaya, iska ta ɗauke, amma ƙarfen inji da bakin salansa na nan da wutarsu. Zafin ba shi da wurin zuwa sai ya bazu cikin duk abin da ke maƙwabtaka da shi: kik (na'urar da ke juya inji in an murza makulli), kwayil (mai ba fulogi wuta), sansa-sansa (na'urorin da ke auna halin da inji ke ciki), bututun mai, wayoyi. Shi ya sa minti goma zuwa talatin bayan kashewa ne lokacin da waɗannan kaya suka fi gasuwa. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda a inuwa ma ana wuce digiri 40.

Zafi kuma abubuwa uku yake yi. Yana sa wayar tagulla ta ƙara taurin kai wajen wuce da wuta, kusan kashi 4 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri 10. Yana sa ƙarfe ya buɗa, sai ɗan tsagun da ke jikin dalma ko siririyar waya, wanda ke haɗe da sanyi, ya rabu. Sannan yana tafasa fetur ya mai da shi tururi. Kusan duk abin da za mu bi nan gaba, ɗaya ne daga cikin ukun nan.

Abin da za ka ajiye a mota tun kafin ranar

Mitar gwada wuta irin ta masu gyaran rediyo. Tsohon fulogi guda mai lafiya. Gorar ruwa da tsumma. Sukundireba mai dogon hannu. In motarka ta 1996 ce zuwa sama daga Amurka, ko ta Turai mai fetur daga 2001, tana da soket mai rami 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai 'yar ƙaramar sikana, wato na'urar karanta ciwon mota, da ake soka wa a nan ta haɗu da wayar hannu. Kuɗinta bai kai na batir ɗin da za a sa ka saya a banza ba.

Ka kuma riƙa rubutawa: tafiyar minti nawa aka yi, tsayuwar minti nawa, man da ke tanki ya kai ina, a rana aka ajiye ta ko a inuwa, bayan minti nawa ta yarda ta tashi. Sau uku in ka rubuta, za ka ga abin yana da tsari.

Mataki na farko: zafin aiki ne ko zafin ciwo?

Kafin komai dubi allurar zafi. Inji mai zafin aiki daban, injin da ya yi obahitin daban. In allura ta haura ja, ko kana jin ruwa na tafasa, ko tururi na fita, to ka bar makulli. Kada ka buɗe murfin lagireto, ruwan ciki a matse yake, yana iya wanke maka fuska. Ka jira ta huce sosai, ka duba ruwa, ka zaro ma'aunin baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, ko farin hayaƙi mai kauri na fita a salansa, zancen gaskit ne, wato faifan da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, kuma ci gaba da yin kik na iya lanƙwasa sandar fistin idan ruwa ya taru a silinda. Wannan sai gareji.

In allura na tsakiya inda ta saba, ci gaba.

Mataki na biyu: kashe rediyo, sauke gilashi, saurara

Nan hanya ta rabu biyu, kuma wanda ya ɓata a nan ya ɓata gaba ɗaya. "Ta ƙi tashi" ba bayani ba ne. Tambayar ita ce: inji na juyawa ko ba ya juyawa?

Ko dai ka murza ka ji shiru, ko ƙas guda ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko inji na juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya. Wannan hanya ta ɗaya ce, matsalar kik da wutar da ke zuwa masa. Ko kuma inji na juyawa garau da saurinsa na kullum amma ya ƙi kamawa. Wannan hanya ta biyu ce, kuma babu ruwan batir da kik a ciki, duk wanda ya ce ka saye su ka riƙe kuɗinka.

Kowane gwaji kada ya wuce daƙiƙa goma, ka huta rabin minti ko fiye. Kik ba a yi shi don dogon aiki ba, ga shi kuma dama a gashe yake.

Hanya ta ɗaya: inji ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar

Kunna fitilar cikin mota ka murza kana kallonta. In ta dushe sosai ko ta mutu, wuta na ƙaranci ko kik na jan fiye da ƙima. In ko gezau ba ta yi ba, kuma shiru kake ji, to saƙon ma bai isa kik ba.

Fara da na biyun don ya fi sauƙi. Mota mai giyar otomatik ka taka birki, ka mai da giya N, ka gwada. In ta tashi a N ta ƙi a P, makunnin da ke jikin giyabos ne ya gaji ko ya goce. Mai kuloci ka danna shi har ƙasa, wasu motocin suna da makunni a nan. Sai rilen kik, wato ɗan akwatin makunnin da ke sakar masa wuta, a akwatin fiyus: yawanci akwai wani rile irinsa sak a gefe, kamar na hon, ka musanya su ka gani. In an taɓa sa wa motar na'urar tsaro ko ta bin sawu a bayan fage, ka sa ta cikin waɗanda ake zargi tun yanzu, domin irin haɗin da ake yi musu, a murɗe waya a naɗe da salatif, ba ya jure zafi.

In fitila ta dushe, ɗauko mita. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ne. Amma wannan lambar ba ta isa hujja ba, musamman da yake yanzu aka kashe inji, cajin sama-sama na iya rufa masa asiri. Ka ɗora mita a kan batir wani ya murza maka makulli. In ya faɗo ƙasa da 9.6, ko batir ya gaji ko kik na shan wuta fiye da ƙima. In ya tsaya sama da 11 amma kik na nishi, wutar tana maƙalewa a hanya.

Wannan hanyar ita ce aka fi mantawa, kuma gyaranta kusan kyauta ne. Taɓa kawunan batir bayan an yi kik, a hankali. Wanda ya yi zafi shi ne mai datti ko sako-sako. Farin gari ko kore a kan tasha, ko ƙusa da aka cusa don ta matse, duk shaida ne. Daga nan ka gwada wayar at, wato mai kaurin nan da ta tashi daga baƙin kan batir zuwa jikin mota da jikin inji. Sa tsinken mita ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗaya a ƙarfen inji mai tsabta, a yi kik. Abin da mita za ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. Haka za ka yi daga jan kan batir zuwa babban notin kik, nan kuma kada ya wuce 0.5. In ba ka da mita, ɗauki wayar jona batir guda ɗaya ka haɗa baƙin kan batir kai tsaye da ƙarfen inji. In ta tashi garau, ka gano. Motar da aka taɓa sauke mata inji ko giyabos ta fi faɗawa wannan, saboda yaran gareji kan mayar da komai su bar wayar at tana lilo, ko su ɗaure ta a kan fenti.

In batir da wayoyi sun fita, saura kik ɗin kansa. Tsohuwar dabarar direbobin tasha tana aiki: wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da hannun sukundireba ko sandar jak. Ƙwanƙwasa na ce, ba duka ba, domin kik na zamani akwai maganaɗisu a ciki mai fashewa. Ka tabbata giya na furi ko P, an ja birkin hannu, kuma hannunka da rigarka sun yi nesa da fanka da bel. In ta tashi, burushin ciki sun cinye ko tagullar cikin sulunayid, makunnin da ke jikin kik, ta ƙone. A motocin Toyota wannan tagulla sananniya ce wajen cinyewa, alamarta ƙas guda ɗaya sau biyu sau uku kafin ta kama, kuma mai wayarin na iya canza ta ita kaɗai ba sai an sayi kik sukutum ba. Kik da ke juyawa da ƙyar da zafi kawai, ya saki da sanyi, sau da yawa bushin ne ya lalace har cikinsa na gogar jiki. Ka duba kuma ko garkuwar ƙarfen da ke tsakaninsa da salansa tana nan, ana yawan cire ta a jefar wai ba ta da amfani.

Tsofaffin motoci masu distirbuta suna da wani abu na daban: in an gusa da tayimin gaba da yawa, inji mai zafi kan yi wa kik gardama, ka ji yana juyawa yana tokarewa. In abin ya faro ne bayan an "saita wuta", ka koma can.

Mai giyar hannu turawa za ta fitar da shi kunya a wannan hanya. Otomatik ba a tura ta.

Hanya ta biyu: inji na juyawa amma ya ƙi kamawa

A nan gizo ke saƙa. Inji na buƙatar wuta a fulogi, da mai daidai gwargwado, da matsi a silinda. Zafi ya fi taɓa biyun farko. Bi su a jere, kada ka tsallake.

Kunna makulli ba tare da kik ba, ka dubi allon gabanka. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa dole ta kama. In ba ta kama ba alhali sauran sun kama, kwamfutar mota, wadda ake ce wa birenbos, ba ta samun wuta, sai a nemi babban rile da fiyus ɗinsa. In kuma hoton makulli ko na mota da kwaɗo na ƙiftawa da sauri, tsaron motar ne bai gane makullinka ba, gwada ɗayan makullin.

Yanzu yi kik kana kallon allurar juyin inji. Inji a kan kik yana yin juyi 150 zuwa 250 a minti, kuma a motoci da dama allurar kan ɗan motsa. Sikana ta fi tabbas: buɗe inda take nuna juyin inji, a yi kik. In inji na juyawa a kunnenka amma sikana na nuna sifili, ka kusa gamawa. Sansar karanshaf ce.

Wannan sansa ita na fi zargi a duk motar da ke mutuwa da zafi ta farfaɗo da sanyi. Aikinta gaya wa birenbos cewa inji na juyawa da inda fistin yake. In ta yi shiru, birenbos ba zai ba da wuta ba, ba zai buɗe nozul masu fesa mai ba, ko da komai lafiya lau. Irin mai waya biyu, cikinta siririyar waya ce kamar gashi da aka naɗe dubban sau. In ta tsage, sanyi na haɗa bakin tsagun, zafi na raba shi. Halinta ke nan: mota na tafiya ta mutu a go-sulo kamar an zare makulli, ko ta ƙi tashi bayan gajeriyar tsayuwa, bayan rabin awa ta tashi ba ko tari. Lambar ciwon da takan bari a sikana ita ce P0335, ta kamshaf kuma P0340, amma sau da yawa ba ta barin komai, don haka rashin lamba ba ya wanke ta. Motocin Nissan na farkon shekarun 2000, irin su Altima, sun yi suna da wannan har kamfanin ya yi kira a dawo da su a gyara.

In hannunka na isa gare ta, jiƙa tsumma ka ɗora mata na minti biyu uku. In motar da ta saba ɗaukar rabin awa ta tashi yanzu, shaida ta samu. Tsumma na ce, a kan sansar kaɗai. Kada ka kwara ruwa a kan inji mai zafi. A gida kuma ana iya cire mai waya biyun, a sa mita a ma'aunin om, a tsoma kanta cikin ruwan zafi. Lambar za ta ɗan hau a hankali, wannan daidai ne. In ta yanke gaba ɗaya, ta mutu. Mai waya uku ba a gwada ta haka. Wajen saye kuma, a ganina ta asali ko da ta gwanjo ce ta fi sabuwa mai arha marar suna, domin na ga wanda ya canza sau biyu a wata guda ya koma yana zargin birenbos.

In sikana na ganin juyi, gwada wuta. Zare kwayil ɗaya ko wayar fulogi ɗaya, soka tsohon fulogin nan naka, ka kwantar da ƙarfensa a jikin inji, ka janye hannu, a yi kik. Ana son tartsatsi mai ƙarfi mai ɗas-ɗas a jere. Kada ka yi wannan in kana jin warin fetur a wurin. In babu wuta, a motar da ke da kwayil ɗaya ko distirbuta, kwayil ɗin ko ignita, mai kunna shi, ne ke yankewa da zafi, abin da masu Golf 3 da tsofaffin Honda suka sani sarai. Motar da kowane fulogi ke da kwayil nasa, da wuya su mutu gaba ɗaya rana ɗaya. Guda in ya mutu mota za ta tashi tana rawa. In duk babu wuta, abin da ke ciyar da su ne, rile ko fiyus ko at.

In wuta na nan, saura mai, kuma mai iri biyu ne: ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa.

Sa wani ya kunna makulli kai kuma ka kasa kunne a bakin tanki ko ƙarƙashin kujerar baya. A yawancin motoci famfon mai kan yi zuuu na daƙiƙa biyu ya tsaya. Ka san halin motarka tun tana lafiya, domin Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai ana kik, kada ka yanke wa famfo hukunci a kan shirun da ya gada. In ya saba kuka yau ya yi shiru, musanya rilensa, duba fiyus, sannan ka bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ana kik. In ta kama, famfo na kan hanyarsa ta tafiya. Famfon nan a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawanmu lita biyar-biyar muke sha, fitilar mai kullum a kunne. Ɗan man da ke ƙasan tanki saurin ɗumama yake, famfo na aiki cikin zafi yana kuma zuƙar datti. In ka lura ciwon na zuwa ne in mai ya yi ƙasa, ya ɓace in ka wuce rabin tanki, ka sami amsa.

Masu Honda Accord da Civic na shekarun 1990, su Hala da Buldog, ku matso. A ƙarƙashin allon gaba ta gefen direba akwai babban rile mai ba birenbos da famfo wuta. Dalmar da ke cikinsa kan tsattsage da tsufa. Abin mamakinsa, ba zafin inji ya fi damunsa ba, zafin cikin mota ne: a ajiye ta a rana gilashi a rufe, a dawo ta yi ta juyawa ba kamawa, ba kukan famfo. A buɗe ƙofofi iska ta ratsa, ko a ɗan mari wurin da hannu, sai ta tashi. Mai gyaran rediyo zai sake narka dalmar cikin minti goma. An sauke tankuna da yawa a banza saboda wannan ɗan akwati.

Akwai kuma famfon da ke aiki amma ba ya riƙe matsi bayan an kashe. Ana so mai ya zauna a matse cikin bututu, domin fetur a matse ba ya saurin tafasa. In bawul ɗin cikin famfo ko regileta, mai daidaita matsin mai, na sakin mai ya koma tanki, wanda ya rage sai ya tafasa ya zama tururi, kuma tururi ba ya tayar da inji. Alamarsa doguwar kik, sannan ta kama tana tari na 'yan daƙiƙu kafin ta daidaita. Gwajinsa: kunna makulli, ƙirga uku, kashe, sau uku ko huɗu, sannan ka yi kik. In ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, matsi ne ke zubewa. A gareji a sa geji, agogon auna matsin mai. A Corolla da Camry na shekarun 2000 ana neman 44 zuwa 50 a ma'aunin psi, kuma minti biyar bayan kashewa kada ya faɗo ƙasa da 21. In ka ga allura ta zube ƙasa nan da nan, ka san inda za a nema. Duba a fuska ko "ai yana feso mai" ba gwaji ba ne.

Yanzu ɗaya gefen, mai ya yi yawa. Inji mai sanyi na son mai da yawa, mai zafi kaɗan yake so, in aka ba shi na sanyi sai ya shaƙe. Alama: warin ɗanyen fetur, fulogi a jiƙe in an kwance, baƙin hayaƙi in ta tashi. Gwaji: taka totur har ƙasa ka riƙe, ka yi kik. Motoci masu nozul da yawa in sun ga totur a ƙasa lokacin kik sukan rage mai ko su yanke shi don inji ya share kansa. In ta kama da haka, ka saki totur nan da nan, ka kuma san cewa mai ne ke yawa.

Masu laifi uku ne. Na farko nozul mai ɗiga: bayan an kashe, matsin da ya rage na tura mai yana ɗiga cikin inji. In ka dawo bayan minti biyu lafiya, bayan minti ashirin ta shaƙe, bayan kwana ya bushe ta tashi. Shi ma yana zubar da allurar geji, don haka a bambance shi da famfo kafin a sayi wani abu. Na biyu sansar zafin ruwa. Da sanyi, wajen digiri 20, tana nuna om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko wajen 300. In ta tsufa ko soket ɗinta ya yi tsatsa, sai ta riƙa gaya wa birenbos ana sanyi alhali inji na ƙuna. Sikana za ta tona ta nan take: inji ya yi awa yana aiki amma tana nuna 25, ko 40 ƙasa da sifili in waya ta yanke. Kada allurar gabanka ta ruɗe ka, a tsofaffin motoci da yawa sansar allura daban, ta birenbos daban. Bari in ɗan ratse a nan: al'adar cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, gyaran gangar Auzinawa ne. Inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, birenbos na ta ƙara mai, fulogi na yin baƙi, kuma wajen wannan haɗe-haɗen ne ake yawan lalata wayar sansar da muke magana.

Na uku shi ne mafi sauƙin ganewa. In motar ba ta ƙin tashi sai a gidan mai, bayan an zuba mata, to ba zafi ba ne, bawul ɗin da ke sakin tururin tanki zuwa inji ne ya maƙale a buɗe. Lambarsa takan zama P0441 ko makamanciyarta. Masu girgiza mota a cusa mai har ya tumbatso su suka fi jawo wa kansu wannan.

Masu kafireta da masu gas

Peugeot 504, tsohuwar Starlet, Carina da ire-irensu ba su da yawancin abin da aka lissafa. Nasu biyu ne. Ko man da ke cikin kwanon kafireta ya tafasa ya malala cikin inji, sai a taka totur har ƙasa a riƙe, ba a famfa shi ba, a yi kik. Ko man ya zama tururi a bututu famfon inji ya kasa ja, sai a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da bututun. Maganin dindindin shi ne a duba faifan da ke raba kafireta da zafin inji yana nan, a nisanta tiyon mai daga salansa, a duba fulot da cok. Zuba fetur a bakin kafireta ana kik kuwa, ya ƙone gira da motoci ba adadi.

Injin dizal, wanda muke ce wa gas, ba shi da fulogin wuta. Tsofaffin Hiace da Hilux masu injin 3L da 5L, in kan famfon nozul ya cinye, man da ya yi zafi ya tsinke yakan zille ta gefe, matsi ya kasa kai wa a saurin kik. Direbobi kan zuba wa kan famfon ruwa ta tashi, kuma hakan na nuna inda ciwon yake, sai dai ruwan sanyi a kan famfo mai zafi na iya sa cikinsa ya cije, aikin ya ninka. Kafin a kai ga famfo a tabbatar kik na juyawa da cikakken sauri, domin dizal mai zafi ba ya yafe kik mai kasala. Sababbin injinan dizal kuma, nozul ne kan riƙa mayar da mai baya da yawa, akwai gwajin kwalabe da ake yi musu a ga wanne ke zubarwa.

In duk waɗannan sun fita

Wuta na nan, matsin mai daidai, sansa na faɗin gaskiya, amma har yanzu da zafi sai an sha wuya. Saurari kik ɗin da kyau: in inji na juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau ba nauyi, matsi ne babu. A injin da ake saita bawul da hannu, in tazarar ta ƙare, ƙarfe na buɗawa da zafi sai bawul ya ƙi rufuwa ruf. Masu babur da Keke sun san wannan, haka motocin da aka mayar kan iskar gas, domin kujerar bawul ɗinsu ta fi saurin cinyewa. A auna matsin silinda da zafi, a kuma auna tazarar bawul yadda littafin injin ya ce.

Ranar zuwa gareji kada ka kai ta da safe ka tafi. Ka zagaya da ita har ta ɗau zafi, ka shiga garejin, ka kashe, ku zauna tare da mita da sikana a hannu har mintocin da ka rubuta su cika. Ka gaya wa bakanike abin da ka gani dalla-dalla: "tana juyawa, fitilar inji na kamawa, famfo na kuka, amma babu wuta a fulogi, kuma da na sa wa sansa tsumma ta tashi." A canza abu ɗaya tak, a ba ka tsohon ka ajiye a but, sannan a maimaita tafiyar da tsayuwar da suka saba kayar da ita, sau biyu ko uku, kafin ka biya kuɗin aiki.